Ni da Baba da Tsohuwar Hita

Daga Allah muke, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk unguwarmu a Kankara ke kira Baba, ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Na zauna rubuta wannan ne don na ga alamar in na bar shi a bakin mutane, nan da shekara guda za su goge shi tas, su mai da shi wani salihin tsoho da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ni kuwa shekara goma sha shida na yi gida ɗaya da shi. Mutumin kirki ne, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma tun da nake ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, kuma ba na so a manta da wannan ma.

Kwana ukun zaman makoki ina kai da kawowa tsakanin madafa da tsakar gida, kunnena na kwasar abin da 'yan ta'aziyya ke faɗa. Wata Hajiya da ta zo daga Faskari ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Allah sarki Malam! Shi fa ya hana hitarmu ta kashe mu. Zuwa guda ya yi, ya kara kunne jikinta, ya ce a sauke ta yau yau, kada a kai gobe." Wata daga Pauwa ta karɓe, ta ce su ma injin niƙansu shi ya ce musu ya gama aiki, suka ƙi ji, bai yi wata ba ya kama da wuta. Daga zaure ma, inda maza suke, abin da ke shigowa ke nan. Wani malamin makaranta daga Sabuwa ya yi ta maimaitawa da ƙarfi cewa Baba mutum ne da ya san lokacin da abu ya ƙare.

Ina riƙe da bokitin kunu na ji wannan magana. Sai na ɗaga kai na dubi bangon banɗaki. Ga ta nan rataye ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, tsohuwar hitar Baba mai zafafa ruwan wanka, tsatsa ta zubo mata tun daga wuya har gindi, wayarta a guntule tana reto. A ƙasanta ga sabon kwali ko buɗe shi ba a yi ba, mata sun mai da shi wurin ajiye kwanuka. Wallahi sai da na dire bokitin na shige madafa, don ban san ko kuka zai zo mini ko dariya ba, kuma babu wanda ya dace da gidan rasuwa a irin ƙarfin da na ji suna tahowa.

Baba ma'aikacin wuta ne. A wata masaƙa a Kaduna ya yi ƙuruciyarsa, da ya ajiye aiki ya dawo gida da akwatin kayan aikinsa da kuma ra'ayi a kan kowace waya da ke ƙasar nan. Inda sauran dattawa ke soke biro a aljihun gaba, shi tasta yake sokewa, ɗan sukundireban nan mai kawo jar wuta idan an taɓa shi jikin abin da lantarki ya shiga. Da ita yake zuwa masallacin Juma'a, da ita yake zuwa ɗaurin aure. In ya shiga gidan mutane, silin yake fara gaisarwa da ido kafin mai gida. Ba ya yar da ƙusa, sai ya miƙar da ita ya jefa a gwangwani. Satina na farko da aure, dutsen gugata na jan hannu, ban faɗa wa kowa ba. Na ajiye shi bakin ƙofa na shiga wanka. Da na fito babu shi. Washegari na tarar da shi inda na bar shi, da sabuwar waya, har an naɗe ta da kyau. Aikin Baba ne, kuma tun daga ranar na san ina da uba a gidan.

A kan hita kuwa karatu gare shi, kuma kyauta yake koyar da shi ko ba a tambaya ba. In ruwa ya fara fitowa ja kamar shayi, ciki ya ci. In tana ƙara kamar ana suyar gyaɗa, laka ta taru a gindinta. In ta wuce shekara goma a fara yi mata kallon baƙuwa. Wanda ya fi so kuwa, har yaran unguwa sun haddace shi, shi ne, "In bututu ke yoyo, a ɗaure. In tankin ke yoyo, a sauke." Da wannan karatu ya sa aka sauke hita a gidaje da asibitoci da masaukai tun daga Kankara har Sabuwa. Tasa kuma ta girmi aurena nesa ba kusa ba, sa'ar autan gidan ce, wanda yanzu yake da 'ya'ya biyu.

Da shi kaɗai ke wanka da ita, da na zuba masa ido. Amma Inna ce, matarsa, uwar maigidana. Ciwon gwiwa ya daɗe da kama ta, ba ta iya taɓa ruwan sanyi ko da bazara. Kullum da safe za ta dogara bango ta shiga banɗakin nan, ƙafa ba takalmi, daɓe a jiƙe, ta kama kan famfon ƙarfe da hannu biyu ta murɗa. Tsorona ke nan, kuma zan faɗe shi ƙarara. Shekara huɗu ina kwana ina tashi da fargabar cewa wata safiya abin nan zai kashe mini tsohuwa.

To ta ina zan faɗa? Suruki ne. Ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa kama sunansa ba, gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "mutuniyar Daudawa", don can ne garinmu. Na fara bi ta kan maigidana, sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"To mi kike so in yi? Baba ne fa. Mutumin da ya ɗaura wutar rabin garin ga, ni zan ce mashi bai san hita ba?"

Na koma wa Inna. Ta ce, "Ƙyale shi, ɗiyata. In ya gaji ya sauke." Ta fi ni sanin ba ya gajiya.

Allah ya sa a waje Baba ya kafa hitar, jikin bangon banɗaki ta tsakar gida, daidai tsakanin madafata da rumfar da yake zama da rediyonsa. Wata safiya na tari ruwa zan jiƙa farin mayafin Inna, ya fito jajir. Raina ya ɓaci. Na tsaya gaban hitar na riƙe ƙugu, ban ma yi tunani ba na ce da ita, da ƙarfin da na san zai kai rumfa, "Ke dai ba ki da kunya. An ce in ruwa ya yi ja ciki ya ci. Ko ke ba ki ji karatun ba?"

Sai na ji an rage rediyo, aka yi gyaran murya, irin nasa mai hawa biyu.

"Ke hita," in ji Baba. "Ki hwaɗa ma mai yi maki hwaɗa, jan nan daga bututun rijiya yake. Lafiyarki lau."

Haka muka samu 'yar aike. Shekara huɗu ni da surukina muna rigima, ba mu taɓa yi wa juna magana ba. Ni in faɗa wa hita, shi ya faɗa wa hita, ita kuma tana rataye tana ɗiga. Maƙwabta sun saba. Akwai wadda ke leƙowa ta katanga ta ce, "Yau mi hita ta ce?"

Ɗigar ma da tarihinta. Ranar da ta fara, Baba ya tara gwangwanin tumatir. Na ce wa hita, "An ce in tanki ke yoyo a sauke." Aka yi gyaran murya. "Ki ce mata wanga ba yoyo ba ne, gumi ne." Bayan wata uku gumi ya fi ƙarfin gwangwanin tumatir, aka sa na madara. Daga na madara aka koma fanteka. Ranar da na fito na tarar da bokitina na wanke-wanke a wurin, na ce wa hita ta tambaya mini ko gumin nan zai kai mu ga sayen randa. Amsar da ta dawo ita ce ruwan ba ya ɓacewa, kaji na sha.

Ƙarar kuma ba a magana. Da an kawo wuta za ta fara, ƙas ƙas ƙas, sai ka rantse wani ke suyar gyaɗa a bango. Wata baƙuwa ta taɓa zabura ta bar takalminta. Baba ya canza mata ƙarfen da ke zafafa ruwan sau uku a gabana, ya canza abin da ke kashe ta in ta yi zafi sau biyu, ya liƙe gindinta da wani baƙin danƙo da ya ce daga Kaduna ya zo da shi. Duk gyaran da ya yi sai ya tsaya ya shafa ta ya ce, "Irin wagga an daina yi."

Kada a ce bai nemi sabuwa ba. Ya nema, kuma neman ne ya fi ƙona mini rai. Ɗansa na Kaduna ya aiko da wata 'yar ƙarama mai zafafa ruwa nan take. Baba ya kwance ta a kan tabarma, ya duba, ya mayar ya ɗaure, ya ce tana son wutar da Kankara ba ta taɓa gani ba, kuma ruwan tankinmu ba shi da ƙarfin tura ta. Aka mayar. Aka kawo maganar mai gas, ya ce harshen wuta ba zai kwana kusa da banɗakin Hajiya ba, wato Inna. Aka kawo maganar mai aiki da rana, wadda ake ɗorawa bisa kwano. Wannan ya yi sati yana juya ta, sannan ya ce katakon rufinmu ba zai ɗauki nauyin ruwa ba, kuma Hajiya da safe take wanka, ba da la'asar ba. Funtua kuwa ya je ta fi sau goma. Maigidana ya raka shi sau ɗaya ya ce ba zai ƙara ba, wai Baba shago shago yake bi yana ƙwanƙwasa hita da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, har masu shago in sun hango shi sai su ce an tafi salla.

In ya dawo hannu wofi, sai dai rake ko lemo na jikoki, zai zauna ya ba hita labari. Wai babba ba ta yi, kafin ta yi zafi an ɗauke wuta. Ƙarama ƙwarai ba ta isar mutum biyu. Wai a duba kaurin rigar da ke tsakanin tanki da jiki, don ita ke riƙe zafi har safiya in wuta ta zo da yamma ta tafi. A duba tana da ɗan bakin da ke fitar da tururi in ya yi yawa. A duba wurin ɗaura wayar ƙasa, mai kwashe wutar da ta tsere ta kai ƙasa. Duk na haddace, ina tuƙa tuwo ina cizon leɓe. Karatun daidai ne, ko ni na sani. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda mutum zai san wannan duka, ya kuma dawo ya tara bokiti.

Ni na fara jin tsinken wutar. Na kama famfo wata safiya na ji zir har gwiwar hannu. Na fito na ce wa hita, "Yau kuma cizo kika fara? Ki tuna wa ke shiga bayana." Gyaran muryar ya daɗe bai zo ba. Da ya zo sai aka ce, "Halan yanka gare ta a yatsa. Mai yankan albasa ba ta rasa shi." Amma na ga ya tashi ya ɗauko akwati. Ya tone wayar ƙasa, ya kankare, ya ɗaure, ya zuba gishiri da gawayi a ramin, ya taɓa tasta jikin famfo ya ga ba ja. Aka samu wata biyar lafiya. Ya riƙa wucewa ta gaban madafa yana waƙa ƙasa ƙasa, don dai in ji.

Sai damina ta zo. Da hantsi ne, an kwana ana ruwa, ina tsintar shinkafa. Na ji an kawo wuta, na ji suyar gyaɗa ta fara, sannan na ji ƙarar Inna. Ba irin ƙarar da mutum ke yi da niyya ba ce. Ban san lokacin da na watsar da tire ba. Ban nufi banɗaki ba, zaure na nufa, na kama babban makunnin gidan na finciko shi ƙasa da hannu biyu, kuma wannan ma daga karatunsa na tsinta, na shekarun da yake yi wa hita lacca. Na ruga banɗaki na tarar da Inna zube jikin bango, hannunta na dama na karkarwa, idonta buɗe, tana salati. Da ranta. Na rungume ta na ja ta waje.

Baba na tsaye a tsakar gida, hularsa a hannu. Ranar ce kaɗai na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido. Kalma uku ce ta taso mini har bakin haƙora, wadda na yi shekara huɗu ina wasa ta: ai na faɗa. Na ga fuskarsa, na haɗiye. Ya juya, ya buɗe akwati, ya ɗauko filaya, ya taka turmi, ya datse wayar hitar a tashi ɗaya. Wannan karon bai shafa ta ba.

Na ɗauka rigima ta ƙare. Ashe sabuwa ce za ta fara. Washegari da sassafe na fito ɗora ruwan wankan Inna, na tarar da surukina tsugune a madafata, ya ɗora tukunyar tuwona, yana hura jiƙaƙƙen icce, hayaƙi ya cika gida. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, a murhu, a gidan da ke da mata! Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na koma gaban matacciyar hita na ce, "Ki roƙa mini arziki a bar mini madafata. Mi mutane za su ce?"

"Ki ce mata su ce," in ji shi cikin tari. "Ba mai kusanto tukunyar ga. Ba ita ba, ba Hajiya ba."

Sati shida yana haka. Shi zai dafa, shi zai sirka a bakin murhu har sai ya tsoma gwiwar hannunsa ya ji daidai, shi zai ɗauka rabin bokiti rabin bokiti ya kai. Ya ƙona mini murfi biyu, ya ƙarar da iccen wata guda a sati biyu. In Inna ta matso ko da taku uku ne, sai ya daka mata tsawa, shi da ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa shi.

Sai a rana ta uku ta makoki na san dalili. Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Damari, ta zo duk da halin da hanya ke ciki. Ta same ni a madafa ina sauke ruwan Inna, ta tsaya tana kallon tukunyar.

"Kin taɓa ganin ƙahwar Hajiya ta hagu?" ta ce.

Na gani mana. Ni ke shafa mata man zafi. Tabo ne tun daga cinya har ƙwauri, fatar ta tattare. Na taɓa tambaya ta ce tsohon abu ne.

"Wankan jegon auta ne," in ji Gwaggo. "Ni da wata muka ɗauko tukunyar daga wuta, tana tafasa. Santsi ya kwashe ni. Wata uku ta yi kwance gefe guda, jariri na kuka ba ta iya juyawa. Yayana ya taho daga Kaduna, ya dube ta, har ya mutu bai taɓa tada mani maganar ba. Ya koma, ya dawo da hitar can bisa mota. Aka yi ta yi mashi dariya, wai ruwan waya ba ya gasa jiki. Ya ce shi dai in yana numfashi, matar ga ba ta ƙara tsayawa kusa da tafasasshen ruwa."

Na zauna a kan turmi. Da na ce tausayi ne ya fara zo mini, na yi ƙarya. Haushi ne. Shekara huɗu ina faɗa da mutum a kan ran Inna, ashe shi ma a kan ran Inna yake faɗan, yana tsoron tukunya, ina tsoron waya, kuma duk hitar da ya ƙwanƙwasa a Funtua bai ga wadda zai iya damƙa wa matarsa ba.

"To mi ya hana shi faɗa?" na ce.

Gwaggo ta dube ni. "Ya hwaɗa ma wa? Ke?"

Abin da hita ba ta iya ɗauka ke nan, don ba a aika irin wannan da ƙarfi ta tsakar gida.

Kwalin da mata suka ajiye wa kwanuka, ranar da ciwon ya kama shi ya zo da shi. Ya fita Funtua da safe bai gaya wa kowa ba, ruwa ya tare su a hanya, ya dawo da la'asar sharkaf, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe kwalin da ita. Likita ya ce ba dukan ruwan ne ya kashe shi ba, ciwon ƙirjin ya daɗe. Na karɓa, don ba ni da ƙarfin ƙin karɓa. Aka dire kwalin ƙarƙashin tsohuwar. Ina madafa ina leƙe, na ga ya zaro tasta daga aljihu ya ɗora a kai. Ya yi gyaran murya.

"Ke hita. Ki hwaɗa ma mutuniyar Daudawa ga ƙanwarki nan na kawo. Lita talatin ce, rigarta da kauri, na duba komi. Ga wanga kuma ta riƙe, na ba ta. Kullum kahin Hajiya ta shiga, ta taɓa shi jikin famfo. In ta ga ja, kada ta jira kowa. Ko ni ne."

Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ki ce masa ya cire rigar nan, ta jiƙe."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kuma don kada a ce ya canza hali, kwana taran da ya yi kwance, sau uku maigidana na cewa a kira wani ya ɗaura sabuwar, sau uku yana ɗaga yatsa daga kan gado yana cewa ba mai taɓa ta, in ya tashi shi zai ɗaura.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa ruwan da ya ɗauka rabin bokiti rabin bokiti ya tarar da shi a mizani. Ya ba Inna haƙurin takaba. Ni kuma ya yafe mini abin da na faɗa wa hita, wanda aka ji da wanda na faɗa a ciki.

Bayan addu'ar bakwai wani tsohon almajirin aikinsa ya zo daga Faskari, shi ma gemunsa ya yi fari. Shi da maigidana suka sauke tsohuwar da kyar. Da suka kwance gindinta, laka da tsatsa suka zubo har suka cika fanteka, ƙarfen kuma ya ruɓe har yatsa na shiga. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Malam da kanshi ya koya mani in na ga irin wagga in gudu." Ya ɗaura sabuwar, ya ja sabuwar wayar ƙasa, aka jingine tsohuwar a gindin bango kafin masu sayen ƙarafa su biyo.

Washegari da safe akwai wuta. Sabuwar ba ta ƙara ko kaɗan, har sai da na kara kunne. Inna ta dogaro bango ta zo bakin banɗaki ta tsaya, ta ɓoye hannunta na dama cikin zane. Na shiga gabanta na taɓa tasta jikin famfo. Ba ja. Na sake taɓawa, na taɓa bututu, na murɗa famfon da hannuna na bar ruwan ya zubo mini har gwiwar hannu, fari tas, da ɗuminsa.

"Bisimilla, Inna," na ce.

Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta shiga ta tura ƙofa. Na tsaya a waje har na ji ta fara zubawa, na ji ajiyar zuciyarta. Sai na juya wurin tsohuwar hitar da ke jingine a ƙasa, na riƙe ƙugu kamar yadda na saba.

"To kin gani?" na ce mata. "Ai na faɗa."

Na tsaya ina jiran a rage rediyo. A rumfa kujerarsa na naɗe jikin bango, butarsa a kife.

"Ɗiyata," in ji Inna daga ciki, "da wa kike magana?"

"Ba kowa, Inna," na ce. "Ruwan ya yi miki?"